Gwajin HbA1c: abin da yake nunawa game da ciwon sukari da inda yake iya kuskure

Gwajin HbA1c gwajin jini ne da likitoci ke amfani da shi wajen gano ciwon sukari da kuma matakin da ke gab da shi. Masu yaren Faransanci suna rubuta shi da wannan suna, haka ma masu Ingilishi, saboda haka ko a Yamai ko a Kumasi mai karatu zai gan shi a takardar asibiti da waɗannan haruffa.

Ma'anarsa

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin hemogulobin, wanda ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Sukarin da ke yawo a jini yana manne wa wannan sinadari, kuma idan ya manne ba ya saki har ƙwayar ta mutu. Ita ƙwayar tana rayuwa kimanin kwana 120. Saboda haka idan aka auna kashi nawa cikin ɗari na hemogulobin ne sukari ya manne wa, za a san matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Fa'idarsa ita ce ba sai mutum ya kwana bai ci abinci ba, kuma abin da ya ci jiya ba ya canza sakamakon.

Wani likita ɗan ƙasar Iran, Samuel Rahbar, shi ne ya lura a 1968 cewa irin wannan hemogulobin ya fi yawa a jinin masu ciwon sukari. An daɗe ana amfani da gwajin wajen bibiyar waɗanda aka riga aka san suna da ciwon. Sai a 2009 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar a riƙa gano ciwon da shi. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta amince a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2011.

Iyakokin da aka sanya

An yi ittifaƙi cewa kashi 6.5 ko fiye alama ce ta ciwon sukari. An zaɓi wannan lamba ne domin daga wajenta ake fara ganin ƙaruwar lalacewar jijiyoyin ido. Idan mutum ba shi da alamomi, irin su yawan fitsari da ƙishirwa da rama, sai an maimaita gwaji kafin a yanke hukunci.

Amma game da matakin gab da ciwon akwai saɓani. Amurka ta ɗauki 5.7 zuwa 6.4. Birtaniya ta ɗauki 6.0 zuwa 6.4. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya iyakar wannan mataki da HbA1c ba. Ke nan mai 5.8 a wata ƙasa za a gargaɗe shi, a wata kuma a ce babu komai. Sannan hukumar ta bayyana cewa samun ƙasa da 6.5 ba ya kore ciwon idan gwajin sukari ya nuna shi.

Bambanci tsakanin al'ummai

Akasarin binciken da aka gina iyakokin a kansa ba a Afirka ta Yamma aka yi shi ba, kuma jinin mutane ba iri ɗaya ba ne. A Amurka an ga cewa baƙaƙen fata suna samun lamba sama da ta farare da kimanin 0.3 zuwa 0.4 alhali sukarinsu daidai yake. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ya rage wa jajayen ƙwayoyi kwana yana saukar da lambar, duk abin da ya ƙara musu yana ɗaga ta.

Na farko shi ne sikila, wato amosanin jini. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da rukunin AS, kuma abin ya yaɗu a Nijar da Kamaru da Cadi. Mai SS ƙwayoyinsa suna mutuwa da wuri, don haka ba a dogara da wannan gwaji a kansa. Mai AS kuwa, wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2017 ya nuna lambarsa tana iya fitowa ƙasa da yadda ya kamata, kuma wasu na'urori suna ruɗewa da jininsa. Haka ma hemogulobin C, wanda ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso.

Na biyu shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, wanda gado ne da ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe a cikinsu. A wurin namiji yana iya rage lambar da kimanin 0.8, sai mai ciwo ya zama kamar lafiyayye a takarda.

Na uku, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da zubar jini, da ƙarin jini na kwana-kwanan nan, duk suna saukar da lambar. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya yi yawa ga mata, shi kuma yana ɗaga ta. Ciwon ƙoda da juna biyu su ma suna gurɓata sakamakon.

Abin da ake komawa gare shi

A irin waɗannan halaye ana auna sukarin ne kai tsaye. Idan mutum ya yi awa takwas bai ci komai ba, miligiram 126 a desilita ko fiye alamar ciwo ce. Wannan shi ne giram 1.26 a lita, yadda ake rubutawa a Nijar, ko milimol 7.0. Ko kuma a ba shi ruwa mai giram 75 na sukari ya sha, a auna bayan awa biyu, iyakar nan kuwa miligiram 200 ce.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Saboda haka wanda zai yi gwajin ya gaya wa likita rukunin jininsa, ya faɗa idan bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba ko an ƙara masa jini, mace kuma ta faɗa idan tana da ciki. Idan takarda ta ce lafiya amma jiki yana nuna alamomi, a nemi gwajin sukari.

Mai ciwon da yake nufin azumin Ramadan, masana sun shawarta ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama. HbA1c yana daga cikin abin da likitan zai duba domin sanin ko azumin zai cutar da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.