Kyautatawa da Zumunci a Tsarin Koyarwar Nana Asma'u: Waiwaye a kan 'Yan Taru

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin ilmi a Daular Sakkwato, hankalin manazarta ya fi karkata ga yawan littattafan da shugabannin jihadi suka wallafa da kuma zurfin iliminsu. Ba kasafai ake tsayawa a dubi irin dangantakar da ke tsakanin malami da almajiri ba, alhali kuwa ita ce ke sa karatu ya zauna ko ya zube. Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi tsarin 'Yan Taru wanda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864) ta kafa, domin a nuna cewa kyautatawa da zumunci su ne ginshiƙan da suka riƙe shi, kuma su ne suka yi mata jagora hatta wajen zaɓen harshen koyarwa.

2.0 Gidan da Ta Tashi

An haifi Asma'u a Ɗagel, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu ne suka riƙe ta. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma ga yunwa da annoba da rashe-rashen da suka biyo baya. Wanda ya tashi a hannun waɗanda ba su haife shi ba, ya kuma ɗanɗani gudun hijira, ba ya bukatar a gaya masa darajar riƙo.

Haka kuma ta tashi a gidan da ake ɗaukar hali a matsayin wani ɓangare na karantarwa. Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri yadda Shehu yake fita wurin jama'a da sakin fuska, yana sauraron kowa cikin haƙuri ba tare da ƙosawa ba. A cikin Nurul Albabi kuwa, Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan zargi shi ne tushen aikin da Asma'u ta ɗauka daga baya.

3.0 Matsalar da Ta Tarar

Bayan rasuwar Shehu a 1817, yaƙe-yaƙe ba su ƙare ba. Zamanin Sarkin Musulmi Bello an ci gaba da gwabzawa da Gobirawa da Kabawa, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Sakamakon haka, garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno suka cika da mata waɗanda yaƙi ya raba da danginsu, wasu zawarawa, wasu kamammu. Mafi yawansu Hausa kawai suke ji, ba su iya karatu ba, kuma bori shi ne abin da suka sani na neman waraka da kwanciyar rai.

Mai iko yana iya hana bori da doka, amma doka ba ta cike gurbin abin da ta hana. Asma'u, wadda take matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima kuma ƙanwar Sarkin Musulmi, tana da ikon da za ta tsawata. Sai ta bi wata hanya daban, watau ta jawo matan a jiki.

4.0 Jaji da 'Yan Taru

A wajejen ƙarshen shekarun 1830 ta tsara yadda ilmi zai isa ga matan karkara. Daga kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai mutunci da riƙon amana a naɗa ta jaji, kalmar da aka sani da ma'anar jagoran ayari. Asma'u da kanta take ba ta malafa, a naɗa mata jan rawani. Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, ta lura cewa irin wannan malafa ce alamar Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Ke nan Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka riga suka sani suke kuma girmamawa, ta ɗora ta a kan malama.

Jaji kan taho da ayarinta a ƙafa zuwa gidan Asma'u. Ayarin ya ƙunshi 'yan matan da ba su isa aure ba da kuma tsofaffin da suka wuce haihuwa, domin matan aure hidimar gida ba ta barinsu su yi doguwar tafiya. Waɗanda suka zo su ne ke komawa su karantar da waɗanda suka zauna. Sukan zo da sadaka gwargwadon hali, kamar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuwa sai ta rarraba wa mabukata. Ta haka ɗaliba take gani da idonta inda dukiyar malama take tafiya. Ban da tauhidi da tsarki da salla da tarihin Annabi, akan horar da su ga jinyar marasa lafiya, da wankan gawa, da sasanta masu saɓani.

5.0 Zaɓen Harshe

Nan ne batun ya fi shafar masana harshe. Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, kuma ayyukanta da suka tsira sun kai kimanin 60, waɗanda Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Duk wanda ya bi jerin shekarun ayyukan zai ga cewa tana duban mai sauraro kafin ta zaɓi harshe. Larabci na malamai ne na nesa da na kusa, Fulfulde na 'yan gida da jama'ar Shehu, Hausa kuwa ta talakawa ce, musamman mata.

Waƙar Sunago, wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 domin sauƙin hadda, ta fara fitowa da Fulfulde a wajen 1829, sannan aka sami ta Hausa a wajen 1838, daidai lokacin da 'Yan Taru ke kafuwa. Haka nan Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta samo asali daga littafin nasiha da Bello ya rubuta, ta ambaci matan gidan Annabi da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da malamai mata na jama'ar Shehu. Matar ƙauye da ta haddace wannan waƙa za ta ji sunan wadda aka sani a ƙasarta a jere da manyan matan Musulunci, sai ta gane cewa matsayin ba ya fi ƙarfinta ba ne. Saukowa zuwa harshen ɗalibi, tare da sa masa karatu cikin waƙar da zai iya rerawa yana daka ko kaɗi, ba ƙaramar kyautatawa ba ce. Wannan mataki ya kuma taimaka ƙwarai wajen bunƙasa rubutacciyar waƙar Hausa ta ajami a ƙarni na 19.

6.0 Abin da Marsiyyoyi Suka Nuna

Ana gane abin da shugaba ya ɗauka da muhimmanci ta wurin abin da yake yabo. Asma'u ta yi wa manya marsiyya, ciki har da Bello da ya rasu a 1837 da mijinta Giɗaɗo. A waƙar da ta yi kan halayen Bello, ta fi ba da ƙarfi ga adalcinsa da karamcinsa da tausayinsa a kan nasarorin yaƙi. Abin lura shi ne ta yi wa talakawan mata irin wannan karramawa: maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, da kuma Hawa'u wadda take jaji. Abubuwan da ta yaba musu su ne haƙuri da son zumunci da hidimar jama'a, ita Hawa'u kuma har da ɗawainiyar kawo ɗalibai shekara da shekaru. A zamanin da aka saba waƙe sarakuna da mayaƙa, sanya sunan jaji cikin marsiyya saƙo ne ga sauran jajoji cewa wahalarsu ba ta ɓace ba.

7.0 Kammalawa

Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Tsarin ya tsallake faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a 1903, har masu bincike suka tarar da jajoji da ayarinsu a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Ba shi da ginin makaranta, ba shi da albashi, ba ya kuma dogara ga baitulmali, don haka sauyin mulki bai sami abin da zai rushe ba. Abin da ya riƙe shi amana ce da ke wucewa daga malama zuwa jaji, daga jaji zuwa ɗaliba. Masu tsara manufar koyarwa da harshen uwa, da shugabannin makarantu baki ɗaya, suna da abin nazari a nan, domin tarihin 'Yan Taru ya nuna cewa harshen da aka zaɓa da halin mai koyarwa tafiya ɗaya suke yi.