Wasiƙun Sojan Bama da Zargin Farfaganda

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin wasu manazarta Yaƙin Duniya na Biyu, wai wasiƙun da sojojin Arewa suka aiko daga Indiya da Bama, musamman waɗanda suka fito a Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka kafa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ba su wuce farfagandar Turawan mulki ba. Tarihin rundunonin da waɗannan sojoji suka yi aiki a cikinsu, wato Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da yaƙin kwarin Kaladan na 1944, sananne ne (Killingray 2010).

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce wasiƙar ta bi ta hannun mai tace saƙo, wato hafsan da ke soke sunan wuri da labarin asara, kuma sau da yawa akawu ko wani abokin bariki mai ilimin boko ne ya rubuta ta. Duk wannan gaskiya ne, amma da wuya ya kai ga hukuncin da aka ɗora a kansa. Alal misali, Lloyd Edmonds, ɗan Ostireliya da ya tuƙa manyan motoci cikin dakarun sa-kai a yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939, ya yi ta rubuto wa danginsa, Amirah Inglis kuma ta buga wasiƙun a 1985. Shi mai aƙida ne da ke son mutanen gida su goyi bayan ɓangarensa, duk da haka masana tarihi suna kafa hujja da rubutunsa, suna auna son ransa suna tsintar abin da ya gani. Abin da aka yarje wa Bature bai kamata a hana Bahaushe ba.

Batun akawu ya fi rauni, domin shifta, wato mutum ya faɗa wani ya rubuta, ita ce hanyar wasiƙa a ƙasar Hausa tun zamanin ajami, kuma a ƙauye irin Kusasu malami ake kira zaure ya warware takardar ya karanta a bainar dangi. Alƙalamin hafsa yana baƙanta layin da ya ambaci sansani, amma ba ruwansa da gaisuwar da ake jerawa suna bayan suna, ko tambayar ko kuɗin da ake yanka wa iyali daga albashi ya iso, ko damuwar soja game da matar da ya bari.

Sai dai dole a taƙaita da'awar. Wasiƙun da jarida ta buga zaɓin edita ne, saboda haka ba za su nuna ra'ayin soja game da yaƙin kansa ba, balle na wanda hakimi ko dagaci ya miƙa don cika adadin da aka yanka masa. Ra'ayin sojan sai a wasiƙun da suka isa gida aka adana a adaka, kuma a ƙauyukan dajin Birnin Gwari da 'yan bindiga suka tarwatsa, mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar takardun kakansa.