Waƙoƙin Da Suka Dawo Babu Suna



A ranin da ya wuce, ana tsakiyar girbin alkama, wani ƙanena mai shagon caji da tura waƙoƙi a Bunkure ya kira ni hankali a tashe. "Yaya, waƙoƙin Baba sun tafi." Ya kunna kwamfuta, jerin sunaye na nan reras, amma duk waƙar da ya taɓa ba ta tashi. Cikin abin da ya ɓace har da kaset uku na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, waɗanda muka juye a kwamfuta shekarun baya, muka yar da na asalin don zarensu ya soma cinyewa. Kiɗan noma ne da waƙoƙin biki da ya ɗauka da rikodarsa a ƙauyukanmu. Babu su a intanet, babu su a kasuwa.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare, bari mu waiwayi inda Bahaushe ya riƙa ajiye waƙarsa, da abin da ya zube duk lokacin da aka sake ma'ajiya.

Ma'ajiya ta farko baki ce da kunne. Makaɗi na da 'yan amshi, ɗa na gadon uba, yarinya na ɗaukar waƙar niƙa tana gefen dutse. Irin wannan waƙa tana rayuwa ne muddin aikin da ya haife ta yana raye. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanyoyinsa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Noman rani ya kankama, shinkafa da alkama da tumatir suka kawo kuɗi, aikin ƙwadago ya ture gayya. Inda babu gayya, wa mai gangar noma zai yi wa kiɗa? Injin niƙa ya shigo, dutse ya koma bayan ɗaki. Siminti ya zo, mata suka daina taruwar daɓe. Ba wanda ya hana waɗannan waƙoƙi, wurin yin su ne ya tashi.

Ma'ajiya ta biyu faifan garmaho ce da rediyo. Tsohon faifai minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, ga shi makaɗin Hausa yana iya kwana yana abu ɗaya, dole a datse. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya naɗi manyan makaɗa irin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Masu bincike ma sun zo. Ba'amurke David Ames ya yi ɗauka a Zariya, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Sai dai na'ura ta fi zuwa fada da birni. Makaɗin ƙauye ba kasafai ake kai masa ita ba.

Kaset ce ta sauya wannan. Kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, da ta yaɗu a nan kuwa duk mai rikoda da batir ya zama mai ɗauka. Da haka muryar ƙauye ta samu shiga. Waɗanda suka girma a lokacin sun san yadda ake naɗe zare da biro, a liƙe inda ya tsinke. Amma zafi da ƙura na cin kaset, kuma mutum kan ɗora sabon abu a kan tsohuwar ɗauka don ba shi da kuɗin sabuwa.

Daga nan sai faifan sidi, sai wayar salula da ta shigo a 2001, sai memori da filas. Masu sayar da kaset a Ƙofar Wambai suka ga kasuwa ta koma hannun masu tura waƙa. Yau waƙa dubu na zaune a abin da bai kai farce ba, kuma duk dubun na iya tafiya cikin ƙiftawar ido.

Mu koma shagon ƙanena. Abu na farko da wani mai gyara ya fahimtar da mu shi ne, manhajar kunna waƙa jerin sunaye kawai take riƙewa, da adireshin inda kowace take. In aka matsar da folda, ko aka sake mata suna, ko kwamfuta ta ba rumbun waje wani harafi daban, sai ta ce ba ta ga waƙar ba, alhali tana nan. A nuna mata sabon wurin, shi ke nan. Wani lokaci kuma bairos ne ke ɓoye fayilolin filas, a ga kamar wayam. Namu ya wuce nan: yaron shago ne ya yi wa rumbun fomatin bisa kuskure.

Ko a haka akwai sauran dama. Gogewa ta gaggawa ba ta share sautin kansa, rajistar da ke nuna inda yake take cirewa. Sharaɗin shi ne kada a ƙara zuba komai a rumbun, don sabo kan hau kan tsoho. Mai gyaran ya saka manhajar PhotoRec, ta kwana tana tono, yawancin fayilolin suka dawo.

Sun dawo, amma ba suna, sai harafi da jerin lambobi. Waƙoƙin zamani ba su ba mu wahala ba, don sunan mawaƙi na rubuce a cikin fayil ɗin kansa. Na Baba kuwa a bayan fayil kawai muka sa suna, ya tafi tare da rajistar. Takardun jikin kaset, inda ya rubuta gari da shekara da hannunsa, mun yar da su tuntuni.

Sai muka ɗauki waya muka bi tsofaffi, don da tsohuwar zuma ake magani. Gwaggonmu ta ji wata guɗa ta ce bikinta ne, ta lissafa mata huɗu da ke amshi, uku sun rasu. Wani dattijo ya gane taken wani sarkin noma tun ganga ba ta yi nisa ba. Amma akwai fayil ɗaya, mace ce ke waƙa ana daka, muryarta tas. Mun kunna wa duk wanda muka sani. Har yau ba mu samu mai cewa wance ce ba.

Ko manyan gidaje sun ga irin wannan. BBC ta goge tsofaffin shirye-shiryenta da yawa don sake amfani da zaren. A 2013 ta sanar da samun kashi 9 na wasan Doctor Who da suka ɓace, kuma a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos aka tsinto su. Abu biyu suka cece su: kwafi a wani wuri, da sunan da wani ya rubuta a jikin gwangwanin.

Nan aikinmu yake. Shata ya rasu a 1999, amma wanda ke neman sanin wa ya yi wa waƙa kaza, kuma a wane hali, yana da inda zai duba, domin Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya kwashe shekaru yana mayar da waƙoƙin baka kan takarda. Matar da ke waƙa a fayil ɗinmu ba ta samu mai yi mata haka ba.

Don haka ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi tsohuwar ɗauka guda a gidansu, ko ya zauna da tsohuwa ta rera masa waƙar daɓe ko ta niƙa, da izininta. Ya rubuta sunan mai waƙa, garinsu, wanda aka yi wa, lokacin da aka yi, da baitocin kamar yadda aka furta su, kada a gyara karin harshe. A sa bayanin cikin fayil, a kuma sa a littafi. A ajiye kwafi a wuri biyu, kuma kada a yar da kaset na asali kamar yadda muka yi.

Wanda ya fito daga yankin Bunkure ko Kura, yana da tsohuwa mai kunne, ya yi mini magana in tura masa muryar nan ko Allah zai sa a dace.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.