Izinin Kwamitin Ɗa'a: Abin da Ɗalibi Mai Bincike a Kan Mutane Ya Kamata Ya Sani

Duk ɗalibin jami'a da furojet ɗinsa ya shafi lafiyar mutane, ko jini zai ɗiba, ko hira zai yi da marasa lafiya, ko takardar tambayoyi zai raba, sai ya samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ya fara. Sa hannun malamin da ke duba aikinka kaɗai ba ya wadatarwa.

Mafarin tsarin

A duniya, ƙa'idojin sun samo asali daga Dokokin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964. A nan gida kuwa, ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan. Yara kusan 200 ne aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A yau kwamitin ƙasa, wato NHREC, shi ke yi wa kwamitocin jami'o'i da asibitoci rajista, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa ikonsa.

Ina ake nema?

A Ibadan akwai kwamitin haɗin gwiwa na UI da UCH. A Legas akwai na LUTH a Idi-Araba da na cibiyar NIMR a Yaba. Ɗaliban fannin zamantakewa da ilimi su tambayi sashensu wane kwamiti ke duba irin aikinsu.

Abin da za ka miƙa

- Cikakken tsarin binciken: me kake nema, su wa za ka tambaya, mutum nawa.
- Tambayoyin da za ka yi.
- Takardar yarda cikin harshen da mutanen ke ji. In a Sabo ko Agege za ka yi aikin, ka fassara ta zuwa Hausa.
- Yadda za ka ɓoye sunaye da sirrin mutane, bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023.
- Satifiket na horon ɗa'ar bincike, wanda ake yi ta intanet.

Kwamiti na iya amincewa, ko ya ce a gyara, ko ya ƙi. Ka miƙa da wuri, don gyare-gyare na cin makonni. Kada ka fara tattara bayanai kafin takarda ta fito: ba a ba da izini a kan aikin da aka riga aka yi, kuma mujallu da yawa ba sa buga shi.

In kai aka zo tambaya fa?

Ka nemi ganin takardar izinin. Gaisuwa a fadar Sarkin Hausawa ladabi ne mai kyau, amma yardar sarki ba ta maye gurbin taka, haka ma yardar miji ba ta maye gurbin ta matarsa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa a gaban shaida sannan ya dangwala yatsa. Yaro kuwa sai da izinin iyaye ko waliyyi. Kana da damar ƙi, ko ka janye a tsakiya, kuma ba wanda zai hana ka magani a asibiti saboda haka.