Yadda Gawayi Ya Ke Ratsa Ƙarfe

Baƙin ƙarfe tsantsa ba ya riƙe kaifi. In an ƙera wuƙa da shi, kafin a yanka abu kaɗan sai bakinta ya lanƙwashe. Maƙeran dā sun gane in ƙarfe ya daɗe cikin garwashi, sa'an nan aka tsoma shi a ruwan sanyi, ya kan yi tauri, amma dalilin haka ya ɓoyu gare su shekaru aru-aru.

A Shafil, wani gari na Ingila da ya shahara da ƙirar wuƙaƙe, abin nan ya zama babbar sana'a. Su kan sayo sandunan ƙarfe daga Suwidin, su jera su cikin akwatunan dutse, bene na ƙarfe, bene na garin gawayi, har akwati ya cika. Sai su liƙe bisa da taɓo don kada iska ta shiga, gama in ta shiga gawayin zai cinye, aiki ya ɓaci. A hura wuta dare da rana, kamar mako guda, zafinta ya kai digiri 1,000 ko fiye, ƙarfen ya yi jawur amma bai narke ba. In ya huce aka buɗe, sai a ga sandunan duk sun yi bororo kamar wanda wuta ta ƙona.

To, mene ne ya shiga cikin ƙarfen? Wani masanin Faransa, Reaumur, ya rubuta littafi a kan wannan a 1722, ya ce gishiri ne da ƙibiritu. Bai dace ba, ko da ya ke ya gane akwai abin da ke shiga daga waje. Sai a 1786 waɗansu Faransawa uku, Vandermonde da Berthollet da Monge, suka nuna sinadarin gawayi ne, watau kabon.

Ku 'yan makaranta, ku lura da wannan, don nan ne abin mamakin ya ke. Ƙarfe a ido ba shi da ko kafar allura, amma tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan gurabu. In zafi ya yi yawa, ƙwayoyin kabon su kan yi ta tsalle daga wannan gurbi zuwa wancan, suna barin inda suka yi cunkoso suna nufar ciki, kamar yadda gishiri ke ratsa nama. Tafiyar kuwa sai daɗa nauyi ta ke yi: in kana so ya nutsa ninki biyu, sai ka ba shi lokaci ninki huɗu. Adolf Fick na Jamus ya tsara lissafin irin wannan ratsawa a 1855, a 1896 kuma Roberts-Austen ya auna yadda zinariya ke ratsa dalma ba tare da an narkar da su ba.

Saboda nauyin tafiyar nan, bayan sanda ya kan fi cikinta kabon. Abin ya dami wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, wanda ke son ƙarfe mai hali ɗaya ciki da waje. Wajen 1740 ya gano dabarar narkar da gutsattsarin sandunan cikin tukwanen yumɓu, kabon ya gauraya sosai.

Amma wani lokaci bambancin nan shi a ke nema. Haƙoran giyar mota, alal misali, a kan sa kabon ya ratsa fatarsu kaɗai, waje ya yi tauri ya jure gogayya, ciki ya zauna da taushi don kada ya karye.

Ɗaya daga cikin tsofaffin matoyan Shafil yana nan tsaye a titin Doncaster. An daina hura shi a 1951.