Lauyan muhalli

lauyan muhalli (suna, namiji, mace: lauyar muhalli, jam'i: lauyoyin muhalli). Lauyan da ya ƙware a dokokin hana gurɓata ƙasa, ruwa da iska, musamman da abubuwa masu guba irin su dalma da maganin ƙwari. Yakan tsaya wa mutanen da aka cutar a kotu, ko ya yi aiki da hukuma, kamar NESREA da Najeriya ta kafa a 2007. Wuyar aikin tana wajen gamsar da alƙali cewa gubar ce ta jawo cutar, domin illarta kan yi shekaru ba ta bayyana ba. Misali: *Manoman sun ɗauki lauyan muhalli saboda ruwan majema da ke malala cikin gonakinsu.*