Yarjejeniyar Wurno ta 1885: Sunanta da Haƙiƙaninta

A wasu rubuce-rubucen tarihi akan ci karo da abin da ake kira "yarjejeniyar Ingila da Sakkwato ta 1885". Wannan suna yana buƙatar gyara, domin ba gwamnatin Ingila ce ta ƙulla ta ba. Wanda ya zo Wurno shi ne Joseph Thomson, wakilin kamfanin ciniki na National African Company, wanda George Goldie yake jagoranta. Ya sadu da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, aka sa hannu a watan Yuni na 1885, sannan ya wuce Gwandu ya ƙulla makamanciyarta da Sarkin Gwandu Maliki. A lokacin, kamfanin bai ma sami izinin mulki daga Sarauniya ba, sai a 1886, inda ya koma Royal Niger Company.

Matsala ta biyu ita ce abin da takardar ta ƙunsa. Kwafin Turanci ya nuna wai Sarkin Musulmi ya mallaka wa kamfanin ƙasar da ke gaɓa biyu na kogin Binuwai, shi kuma kamfanin zai riƙa ba da kaya na ƙimar wuri buhu 3,000 duk shekara. Amma a fahimtar fadar Sakkwato, aminci ne aka ba baƙin fatake su yi ciniki, kamar yadda shari'a ta tanada ga wanda ba Musulmi ba idan ya shigo ƙasar Musulunci da izini. Kayan da ake bayarwa kuwa gaisuwa ce daga mai neman alfarma. Hujjar da ke ƙarfafa wannan fahimta ita ce, bayan 1885 sarakunan Muri da Adamawa sun ci gaba da mulkin ƙasashensu a bakin Binuwai, suna kai gaisuwarsu Sakkwato.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Da irin waɗannan takardu Ingila ta kafa hujja a yarjejeniyarta da Faransa ta 1890, wadda ta ja iyaka daga Say zuwa Baruwa, ba tare da an tuntuɓi Sakkwato ba. A 1900 gwamnatin Ingila ta gaji haƙƙoƙin da kamfanin yake iƙirari, a 1903 kuma sojojin Lugga suka ci Sakkwato da yaƙi.

Saboda haka ya kamata malamai da ɗalibai su kira ta yarjejeniyar ciniki tsakanin Sarkin Musulmi Umaru da kamfanin Goldie. Kiranta yarjejeniyar miƙa ƙasa amincewa ne da fassarar ɓangare ɗaya kawai.